Daga Hatimin Zaure Zuwa Jadawalin Jarida

Garin Kaduna, wanda Gwamna Lugga ya mayar da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a shekarar 1917, yaro ne ƙarami idan aka jera shi da Katsina ko Kano, amma Allah Ya hukunta takardun da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru suka taru a cikinsa, wasu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, wasu a Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, wasu kuwa a gafakar malaman da suka biyo jirgin ƙasa suka sauka Kawo da Unguwar Shanu da Tudun Wada. Duk wanda ya saba buɗe irin waɗannan takardu ya san da wuya ya yi nisa bai ci karo da wani zane mai gida-gida ba, kowane gida da harafi ko adadi a cikinsa, wanda jama'a ke kira hatimi, ma'abota ilmin kuwa su ce wafaƙi.

Mafi shahararsu shi ne musallasi, mai gida tara, wanda ake jinginawa ga Imamu Gazali. Ana zuba adadi daga 1 zuwa 9, biyar a tsakiya, 2 da 4 da 6 da 8 a kusurwoyi, ta yadda ko ta ina aka tara sahu, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlar 15 za ta fito. Abin da mutane ke nema da shi na tsari ko buɗi, wannan magana ce da malaman fiƙihu suka daɗe suna saɓani a kanta, kuma hukuncinta nasu ne. Sai dai a ƙarƙashin sirrin akwai hisabi tsantsa, wanda ba ya karɓar kuskure ko na ɗigo ɗaya, kuma a wannan fage ƙasar Hausa ta fitar da gwanin da Misira kanta ta sallama masa.

Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, wanda bayan ya sha karatu a ƙasarsa ya tafi aikin hajji, ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da aufaƙi wajen 1732, sa'an nan ya zauna Alƙahira har ajali ya riske shi a 1741 a gidan Shehu Hasanul Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman. A littafin ya bayyana yadda ake cika wafaƙi mai sahu mara, kamar biyar-biyar wanda jimlarsa 65 ce, ko tara-tara mai jimlar 369, ta hanyar bin takun dokin shaɗaranji: a tsallake gida biyu a karkata ɗaya, in an faɗa waje a shigo ta ɗaya gefen, in kuwa an tarar da gida a cike a sauya taku bisa ƙa'ida. Wanda ya riƙe wannan ba ya bukatar lalube ko kaɗan.

Jadawalin sudoku da ma'aikata da ɗalibai ke cikawa yau a jarida ko a waya shi ma gida 81 ne, amma kada kamannin ya ruɗi kowa ya ce jikan hatimi ne, domin asalinsa dabam. Wani Ba'amurke, Howard Garns, ya ƙago shi a 1979, kamfanin Nikoli ya yaɗa shi a Japan daga 1984, sa'an nan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004, daga nan ya watsu duniya. Babu tarawa a cikinsa. Sharaɗinsa kawai kada adadi ya maimaitu a sahu, ko a ginshiƙi, ko a ɗaki mai gida tara.

Inda zumuncin yake, a ganina, shi ne wajen istidlali. Idan jadawali ya yi tsauri, har dabarun farko duk suka ƙare, gwanaye sukan koma ga silsila. Misali, a tarar bakwai ba ta da mazauni a wani sahu sai gida biyu. To, in ba ta nan, lalle tana can. In tana can, ta kori bakwan da ake zato a ginshiƙin wancan gida. Korar nan kuwa, in ɗakin da aka kore ta gida biyu kacal ya rage mata, ta wajabta ta a ɗaya gidan. Haka za a yi ta bi, wajabci na bin kori, kori na bin wajabci, har a tabbatar cewa ɗaya daga bakin silsilar biyu dole bakwai ce, ko da ba a san wanne ba, don haka duk gidan da ke sahu ko ɗaki ɗaya da su biyun an haramta masa ita. Almajirin da ya karanta Sullamu, littafin manɗiƙi na Ahdari, a zaure zai gane wannan nan take, domin ƙiyasi ne na sharaɗi, mai lazimi da malzumi, wanda aka jera shi hawa-hawa. Alkashinawi kansa masanin manɗiƙi ne, ya yi nazamu a fannin mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi masa sharhi da hannunsa.

Masu wannan wasa suna ƙyamar cinke ƙwarai, suna ganin wanda ya jefa adadi bisa zato, ko da ya dace, bai warware kome ba. Shi ya sa aka sharɗanta kowane jadawali ingantacce ya kasance da amsa ɗaya tak, kuma a 2012 wani malamin lissafi na Dublin, Gary McGuire, tare da abokan aikinsa, suka tabbatar da taimakon kwamfuta cewa hakan ba ya yiwuwa sai an bayar da adadi aƙalla 17 tun farko.