Azumin Kulle: Yadda Kanawa Suka Riƙe Juna a 2020

Mai karatu, ko ka tuna daren Alhamis, 16 ga Afrilu, 2020? A daren ne dokar kulle ta Gwamna Ganduje ta fara aiki a Kano saboda annobar korona. Tun kafin lokacin ya cika jama'a suka yi dafifi a kasuwannin Singa, Dawanau da 'Yankaba, ana rububin shinkafa, gero, sukari da mai. Masu hali suka jidi buhu-buhu, farashi ya tashi, mai kuɗin kwano guda ya koma gida da rabi.

Bayan mako ɗaya azumi ya kama, sannan ran 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu. Wayyo talaka! Ɗan dako, mai Adaidaita Sahu, har ƙananan ma'aikatan fim, duk sai sun fita suke ci.

Tallafin hukuma bai isa kowane lungu ba. Ciyayya ce ta riƙe unguwanni: kunu da ƙosai ana miƙawa ta katanga, mai kanti yana ba da bashi, masallatai suna tara hatsi. Gidaje da yawa, wallahi, da kwanon maƙwabci suka sha ruwa.