Garin da yaƙin Turai ya durƙusar daga nesa: tarihin White Cliffs

1/ Jama'a ku matso, yau Ostireliya za mu leƙa. Akwai wani ƙauye can ƙuryar jihar New South Wales mai suna White Cliffs, inda mutane da yawa ke kwana a ƙarƙashin ƙasa. Ba wasa nake ba. Ku biyo ni. 🧵

2/ Wurin fako ne, ga zafi ga ƙarancin ruwa, tafiyar fiye da kilomita 250 daga birnin Broken Hill. Tun asali ƙasar ƴan asalin nahiyar ce, kafin Turawa su zo su mamaye ta su mayar da ita makiyayar tumaki.

3/ A 1889 wasu maharba da ke farautar kangaru a makiyayar Momba suka tsinci wasu duwatsu masu walƙiya kala-kala. Opal ke nan, dutsen ado da ake sa wa zobe da sarƙa. Aka aika wa wani ɗan kasuwa a Adelaide, Tullie Wollaston, shi kuma ya taso takanas ya saya.

4/ Da ya kai irin wannan dutse Landan, da farko dillalai ba su yi na'am ba, don opal ɗin Hungary suka sani. Ya dage har kasuwa ta buɗe. Daga nan sai tururuwa: kowa da diga da shebur, ana ta haƙa.

5/ Wajen 1902 mutanen garin sun kai dubbai. Ga otal-otal, ga shaguna, har da jarida. Wani ɓangare na kayan masarufi a kan raƙuma ake kawowa, masu jan su kuma Musulmi ne daga Afganistan da Indiya ta lokacin. Masallacinsu na nan a Broken Hill har yau.

6/ Amma fa an sha wuya. Ruwa ya yi tsada, wanda ake samu ma ba tsafta, taifot ta yi ta kwasar mutane. Maƙabartar garin cike take da kaburburan yara.

7/ Katakon gini ma babu, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Sai masu haƙa suka koma zama cikin tsofaffin ramukansu, suna faɗaɗa su su zama ɗakuna. Ciki da sanyi-sanyi, rani da hunturu. Asalin gidajen ƙarƙashin ƙasan ke nan.

8/ To me ya durƙusar da garin? Dutse mai kyau ya fara ƙaranci, wasu suka koma Lightning Ridge inda aka samu baƙin opal. Sai ga yaƙin duniya a 1914. Manyan masu saye Jamusawa ne, ciniki ya tsaya cak, samari kuma suka tafi soja.

9/ Ku duba fa: ba a harba harsashi ko ɗaya a White Cliffs ba, amma yaƙin ya kwashe shi. Abin sayarwa ɗaya, masu saye kuma a wata nahiya. Ranar da suka daina zuwa, shi ke nan.

10/ Bai dai mutu gaba ɗaya ba. A 1981 aka kafa tashar lantarki mai aiki da hasken rana a nan, da manyan faifan madubi 14, tana cikin na farko-farko a duniya.

11/ Yau mazaunan ba su kai 200 ba. Kiwon da opal ya tarar yana nan, ƴan tsirarun masu haƙa na ci gaba, masu yawon buɗe ido kuma na biya su kwana a rami. Daga sama, dubban tsofaffin ramukan kamar gidan tururuwa.

12/ Wane gari kuka sani da abu ɗaya ya ɗaga shi, ya kuma kayar da shi? Ku ajiye min a ƙasa. 👇