Dariyar Da Ba A Rubuta Ba

A Wurno, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, na tashi ina jin waƙoƙin Nana Asma'u a bakin tsofaffi. Amma ran kasuwa, daga Rabah har Goronyo, 'yan gambara ke tara jama'a. Su ɗauko labarin tsoho da amaryarsa, batsa tsagwaronta, mata na rufe fuska suna ƙyaƙyatawa. Kakata takan ce, "Ke ɗiyar nan, toshe kunnenki!" Ita kuwa nata a buɗe.

Turawan Ingila sun buga irin waɗannan waƙoƙi cikin littattafai tun ƙarni na 17. Mu kuwa na malamai muka adana da ajami, na gambara muka bar wa iska. To mai karatu, ran da aka nemi tarihin dariyar kakanninmu, wa za a tambaya?