Jinin da sauro ya sauya da injin tiyatar zuciya

A ranar 6 ga Mayu, 1953, a birnin Filadelfiya na Amurka, Dakta John Gibbon ya karkatar da jinin wata ɗaliba 'yar shekara 18 zuwa cikin wani inji, ya buɗe zuciyarta, ya ɗinke wata kafa da aka haife ta da ita. Minti 26 injin ya yi yana aikin zuciyarta da huhunta. Ta tashi, ta warke. Amma biyun da suka biyo bayanta ba su yi rai ba, Gibbon kuwa ya tsame hannunsa daga tiyatar zuciya.

Abin da ya fi ba likitocin farko wahala ba wuƙa ba ce, jini ne. Da zarar ya bar jijiya ya taɓa roba ko ƙarfe, sai ya fara daskarewa. Dole a tsinka shi da heparin, maganin da aka gano a Jami'ar Johns Hopkins a 1916, in an gama kuma a karya ƙarfinsa da protamine, wanda asalinsa daga maniyyin kifi aka samo. Famfon injin yana murƙushe jajayen ƙwayoyin jini, har fitsarin marar lafiya ya rine ya yi ja. Ga shi injin ba ya tashi sai an cika bututansa da jinin mutane da yawa. A 1960 ne Nazih Zuhdi, haifaffen Beirut mai aiki a Oklahoma, ya nuna cewa ana iya cika su da ruwan sukari a bar jinin ya tsinke. Sannan likitoci suka saba da sanyaya jiki ƙasa da digiri 37, don gaɓoɓi su rage buƙatar iskar oksijin.

Akasarin waɗanda aka gina wannan ilimi a kan jininsu Turawa ne. A Afirka wani bincike daban ake yi, wanda ba a zaci zai taɓa shiga ɗakin tiyata ba.

Anthony Allison a Kenya ya tashi. Ya lura cewa masu ɗauke da rabin gadon sikila, waɗanda yau muke kira AS, sun yi yawa a bakin teku da gefen tafkin Victoria inda sauro ya yi katutu, amma ba su da yawa a kan tsaunuka masu sanyi. A 1954 ya wallafa cewa wannan gado yana kare mai shi daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Don ya tabbatar, har ƙwayar cutar aka sa wa wasu manyan maza da gangan. Yau da wuya wani kwamitin bincike ya sa hannu a kan irin wannan gwaji, kuma gara da haka ta kasance.

Ƙasar Hausa ma ta ba da shaidarta. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu Jigawa. Alan Fleming da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen wurin, suka fitar da sakamako a 1979. Wajen biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, wato masu cikakken gadon sikila, amma cikin manya da ƙyar ake samun mai shi: yaran ba sa kai wa girma. Masu AS kuwa sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na manyan.

A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu. Ƙwayar jinin sikila tana lanƙwashewa kamar lauje idan ta gamu da sanyi, ko ƙarancin oksijin, ko tsamin jini, ko kuma jinin ya tsaya wuri ɗaya. Duk uwar da ta yi jinyar mai amosanin jini a hunturu ta san na farkon. To, waɗannan huɗun duka ana iya cin karo da su a kan inji: ana sanyaya jiki, ana matse babbar jijiya, ana zuba wa zuciya ruwa mai sanyi don ta tsaya. Dabarar da ke ceton wani tana iya toshe wa wani jijiyoyi.

Lokacin da aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu ranar 1 ga Fabrairu, 1974, inda Magdi Yacoub, Bamisiren da ke aiki a Ingila, ya haɗa hannu da Farfesa Fabian Udekwu, injin ya shigo ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. Masu buƙatar aikin kuma yawancinsu matasa ne da ciwon maƙogwaron yarinta ya lalata wa ƙofofin zuciya.

Sannu a hankali aka samo mafita. Mai SS akan sauya masa jini kafin aiki ko a kan injin, har sinadarin sikila ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Akan bar jikin da ɗuminsa, a wadata shi da oksijin, a riƙa auna tsamin jini a kai a kai. Tsinkawar nan ta Zuhdi ma ta yi rana, domin jini mai ruwa-ruwa ba ya saurin cushewa. A kan masu AS har yanzu bakin likitoci bai zo ɗaya ba, kodayake da yawa suna yi musu aiki lafiya ba tare da sauya jini ba.

Sauya jinin kansa yana da nasa tarko. Ƙwayar maleriya takan yi kwanaki da rai cikin ledar jini a firiji, kuma mai ba da jinin yana iya ɗauke da ita yana yawonsa garau. Shi ya sa idan zazzaɓi ya rufe wanda aka yi wa aiki bayan 'yan kwanaki, likita a Landan zai fara zargin ɗinki ko sabuwar ƙofar da aka dasa, na Inugu ko Kano kuwa sai ya haɗa da ɗiga jini a gilashi ya aika ɗakin gwaji.