Yadda Aka Rage wa Kwamfuta Nauyin Majigi

Majigi, kamar yadda kuka sani, hotuna ne a jere, 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Ajiye su duka kaya ne mai nauyi, saboda haka masana suka yi dabara: a adana hoto ɗaya cikakke, sa'an nan a rubuta abin da ya canza kaɗai. A kan wannan aka gina ƙa'idar H.264 ta 2003. To, amma ƙulla hotunan da kwance su ya gajiyar da ƙwaƙwalwar kwamfuta, har hoto ya riƙa tsayawa. Sai aka mayar da aikin ga na'urar zana hoto. Kamfanin Nvidia ya ba ta sashen kwancewa a 2004, na ƙullawa kuwa a 2012. Da aka raba kaya, tafiya ta yi sauri.