Gyara a Kasuwannin Jazira

Tun bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da ragowar jama'a har Allah ya sauke su a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, Hausawa ba su daina kwarara ƙasar Sudan ba, waɗansu da niyyar hajji, waɗansu don neman abin sakawa a bakin salati. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ƙauyukansu suka yawaita a kewayen Wad Madani.

Mudu da tiya sun bar su a gida, suka koyi awo da malwa da kela irin na Larabawa, amma gyara ta biyo su, watau ɗan abin nan da mai sayarwa kan ƙara bayan an gama ciniki, ko tafin dawa, ko 'yar gyaɗa, ko yankan nama guda a wurin mai agashe. A ma'aunin auduga kuwa, inda mai tsinka kan karɓi ladansa gwargwadon nauyin da sikeli ya nuna, babu ita sam.

A ganina hikimar magabata tana cikin sunan da suka zaɓa, domin ba su ce kyauta ba, ba su ce sadaka ba, sai suka ce gyara, kamar mai awo yana shaida cewa hannun ɗan Adam ba ya kuɓuta daga kuskure, saboda haka yana gyara abin da wataƙila ya tauye bai sani ba, don tsoron narkon da ya zo a Suratul Muɗaffifina. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wani mai awo da ya rinjayar. Bambancin gyara da ƙarin da shari'a ta haramta a fili yake: wancan sharaɗi ne da ake ɗora wa mai cin bashi tun farko, wannan kuwa ihsani ne bayan haƙƙi ya cika.

Abin da ke damuna shi ne mai saye da ya mayar da ita tilas, yana tsaye kan tsohuwa mai tallan gyaɗa, ribarta ba ta taka kara ta karya ba, yana cewa sai ta ƙara. Jama'a, a bar mai kaya ya miƙa da kansa.