TrueCrypt: Manhajar da Ta Gagari FBI, Sannan Masu Ita Suka Watsar da Ita

A watan Oktoban 2007 hukumar haraji ta Birtaniya ta aika faifan CD guda biyu ta hannun masu kai saƙo, ɗauke da bayanan mutum miliyan 25, har da lambobin asusun banki. Faifan ba su isa inda aka aika su ba. An sa musu kalmar sirri, amma ba a ɓad da kamar bayanan ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara. Kalmar sirri ita kaɗai kwaɗo ce a ƙofa, mai haura katanga ba ruwansa da shi. Ɓad da kama kuwa lissafi ne da ke hautsina bayanan su koma shirme, sai mai mabuɗi ne kaɗai zai iya dawo da su.

To ga mai faifan ajiya na tafi-da-gidanka, wanda yau yana jikin kwamfutar ofis gobe yana jikin ta aboki, akwai wata matsalar. Microsoft ya kawo BitLocker To Go tare da Windows 7 a 2009, amma kwamfutar Mac ba ta buɗe shi da kanta. Faifan da Mac ta kulle shi ma Windows ba ta gane shi. Kowa ya gina nasa shingen.

Wannan giɓin ne TrueCrypt ta cike. Ta fito a Fabrairun 2004, kyauta, kuma zuwa 2008 tana aiki a Windows da Linux da Mac. Masu rubuta ta ba su taɓa bayyana sunayensu ba. Abin da aka sani shi ne an ɗora ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna E4M, wadda Paul Le Roux ya rubuta. Shi wannan Le Roux daga baya ya zama ƙasurgumin dillalin ƙwayoyi da makamai, kotun Amurka ta yanke masa shekara 25 a 2020. Ni dai har yau wannan ɓangaren na ba ni mamaki.

Ƙarfinta ya fito fili a Brazil. A 2008 'yan sanda suka ƙwace faifan wani ma'aikacin banki, Daniel Dantas. Masanan ƙasar suka yi ta fama suka kasa, aka miƙa wa FBI, su ma suka shafe shekara guda suna gwada kalmomi, ba su buɗe ba.

Sai ranar 28 ga Mayun 2014, kwatsam shafin manhajar ya sauya. Aka rubuta cewa amfani da ita ba shi da aminci, kowa ya koma BitLocker. Shi ke nan. Lokacin ba a cika shekara da fallasar Edward Snowden ba, don haka jita-jita ta yi yawa: wasu suka ce gwamnati ce ta matsa musu, wasu suka ce gajiya ce kawai. Binciken ƙwararru masu zaman kansu da aka kammala a Afrilun 2015 bai gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikinta ba. A ganina zancen gajiyar ya fi kama hankali. Shekara goma kana aikin sa kai a ɓoye ba wasa ba ne.

Kamfanoni kuma sun yi ta sayar da faifai masu kulle kansu. A 2015 masu bincike suka nuna cewa ana iya buɗe wasu samfuran My Passport na Western Digital ba tare da kalmar sirri ba. A 2018 Carlo Meijer da Bernard van Gastel na Jami'ar Radboud da ke Holan suka gano irin wannan rauni a faifan Crucial da Samsung: a wasunsu mabuɗin bai dogara da kalmar sirrin ba sam.

Magajiyar TrueCrypt ita ce VeraCrypt, wadda Mounir Idrassi ya fara a Faransa a 2013, kuma har yanzu ana kula da ita. Sai dai mai karatu ya sani, tana bukatar izinin mai kula da kwamfuta kafin ta buɗe faifai a Windows, don haka a shagon intanet ko kwamfutar makaranta tana iya ƙin aiki. In kuma ka manta kalmarka, babu ofishin da za ka je a dawo maka da ita. Halin da FBI ta shiga da faifan Dantas, shi za ka shiga da naka.